Mun Kai Idon Yaya Zariya da Katin Ɗansa

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu, ni da yayana, muna idar da salla. Yanar ido ta rufe masa na dama, na hagu ma ya soma dushewa. Shi ya koya mini ajami, yau ga shi ba ya rarrabe baƙi da wasali. Burinsa a gyara idon kafin azumi, don shi ke jan baƙi a tafsirin masallacinmu.

Motar cike take da buhunan barkono, muka yi ta atishawa har Samaru, kuma direba bai rage mana ko sisi ba. A gidan ɗan Yaya, ma'aikacin wani kamfani, aka ba mu koko da ƙosai. Shi ya fita aiki, sai Yaya ya sa matar ɗan ta ɗauko katin inshorar lafiya da kamfani ya yi wa mijinta. Mu a wurinmu katin asibiti ɗaya ne a gida, yana rataye a ƙusa, wanda jikinsa ya motsa ya ɗauka.

Muka shiga bas ta Palladan zuwa PZ, sannan acaɓa ya kai mu wani asibitin kuɗi a Muciya. Ma'aikaciyar ta dubi katin, ta dubi Yaya.

"Baba, wannan ai hoton ɗanka ne."

"To, ai ni na haife shi."

Ta ce katin nasa ne da matarsa da 'ya'yansa, uba ba ya ciki. Ta kawo mana ruwa, ta kwatanta mana asibitin gwamnati.

Kafin mu tashi, gardama ta ɓarke a bencin jira. Wani mai sayar da kayan mota ya ce kowa ya yanki katinsa wurin kamfani, don na gwamnati yau layi, gobe yajin aiki. Wata tsohuwar malamar makaranta ta ce, "Haba ɗan'uwa, manomi wane albashi za a yanka masa? Gwamnati ta tara a asusu ɗaya, kowa ya zo a duba shi." Kowannensu na ga yana da gaskiyarsa. Yaya ya juya wajen muryoyinsu ya ce, "Bayin Allah, a cikin biyun wanne zai buɗe mini ido kafin azumi?" Na kama hannunsa muka fita.

A asibitin gwamnati mun bi layi har la'asar. Likita ya ce idon zai gyaru, kuɗin ma da sauƙi, amma sai bayan ƙaramar salla.

Mun iso gida da magariba, alhamdu lillahi. Abin da na koyo shi ne, wancan yana da sauri amma ba ya ɗaukar kowa, wannan yana ɗaukar kowa amma sai an jira. Na rubuta ranar aikin da ajami a bayan takardar likita. Yaya ya shafa ta da yatsa, ya miƙo mini ya ce, "Bana kai za ka ja baƙi. Zo gobe in ji karatunka."