Gwaggo Saratu da Baffan da Na Jefa a Teku

Shekara uku ke nan da rasuwar Gwaggo Saratu, ƙanwar Babana, malamar lissafi a wata makarantar 'yan mata a nan Jidda. Allah ya jiƙanta. A gidanmu na unguwar Kurayyat ana yawan tuna girkinta da sadakarta. Lissafinta kuwa an bar mini shi ni kaɗai, kamar wata cuta da ta shafa mini.

Ina da shekara goma sha huɗu ta kama ni da kunne, ta zaunar da ni gaban allo. Ta zana jadawali, abin da muke kira masfufa a makaranta, ta cika shi da nisan da ke tsakanin gidanmu, da masana'antar da Baba ke aiki, da sito na Baffa Bala a unguwar Khumra. Ta ce kowace masfufa tana da wasu lambobi da ke bayyana halinta, ƙima zatiyya. Ta ce a masfufar nisa, ɗaya tak ce ke fitowa sama da sifili, sauran ba sa haurawa.

Na ce ban yarda ba. Ta ce yalla, maza in ƙaryata ta.

Hutun zafin nan kaf na ƙarar ina kwashe dangi ina sauya musu mazauni a kan takarda. Na kai Baba garin Ɗa'if. Na jefa Baffa Bala tsakiyar Bahar Maliya, da sitonsa da tumbinsa. Duk lissafin da na yi, ɗaya ce a sama. Sai da na kusa cinye fensir sannan ta nuna mini dalili. Ta ce in ba kowane wuri nauyi, da sharaɗin jimlar nauyin ta zama sifili: idan na ninka kowane nisa da nauyin wurarensa biyu na tara, sakamakon ba ya wuce sifili. Wannan sharaɗi guda ƙofa ɗaya kawai ya bari a buɗe, wato ƙima ɗaya ce kawai za ta iya haura sifili. Kuma tunda nisan gida da kansa sifili ne, jimlar ƙimomin sifili ce, dole ɗaya ta haura ta biya wa sauran.

Yau waya tana fitar da amsar kafin in gama atishawa. Da Gwaggo na nan, na san za ta ƙwace ta, ta tambaye ta me ya sa, wayar ta yi zufa.

Amma ba waya ce damuwata ba. Baffa Bala ya samo mini aiki a sitonsa, har ya yi magana da kafili, ubangidan da ke tsaya wa baƙo a ƙasar nan. Wai in bar makaranta bana, lissafi ba ya sabunta iƙama, takardar zama. Baba bai hana shi ba, hakan kuma amincewa ce. Da na kawo sunan Gwaggo, Baffa ya ce, "Halas, shi ke nan, Mudassir. Ita me ta bari?"

Ban amsa ba a lokacin, don an koya mini ladabi. Ga amsar yanzu. Ba ta bar gida ba, ba ta bar mota ba. Ta bar 'yan mata da yawa da ba sa tsoron allo, ta kuma bar yaro ɗaya da ba ya karɓar magana sai an kawo masa dalili.

Baba, na san kana karanta wannan shafin bayan sallar Juma'a. Ka gafarce ni da na faɗa a gaban jama'a. Ranar Lahadi, farkon mako a nan, ba Khumra za ni ba, aji za ni.