Igiyar Surukina

Surukina ne ya fitar da harsashin kusan rabin gidajen unguwarsu a Argungu. Kayan aikinsa ba su wuce igiya da turaku da garin bula a cikin tsohon gwangwanin madara ba. Idan ya turmusa igiyar a bula ya ja ta, sai ya ɗaga tsakiyarta da yatsu biyu ya saki, ta bar shuɗin layi a kan siminti. Wannan layin magina suke bi su jera bulo.

Ni kuma injiniya ne a wani kamfanin gini a Birnin Kebbi. Da muka samu kwangilar wani katafaren sito na shinkafa a hanyar Argungu, ni na sa aka ɗauke shi aikin layi. Ba ni na gaya masa ba, matata na aika. Haka muke da shi tun da na auri 'yarsa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa kuwa a durƙushe nake yi kaina a ƙasa. Duk wata magana mai nauyi ta bakinta take bi.

Ana gama zuba daɓe sai mai kamfanin ya hayo wata na'ura. Girmanta bai wuce kular abinci ta biki ba, tana da tayoyi. Zanen ginin ake ɗura mata, ita kuma ta riƙa bin daɓen da kanta tana buga baƙin layi, har wurin ƙofa da taga take nunawa. Leburori suka sa mata suna Hajiya, don ba ta taka wurin da ba a share ba. Ba zan ɓoye ba, ta burge ni ƙwarai. Aikin da kan cinye mana kwanaki sai ga shi ta gama kafin azahar, ni ina tsaye hannu a aljihu ina washe baki.

Mai kamfanin ya ce in sallami tsohon, tunda babu sauran aikin igiya. Na ce to. Na koma gida na roƙi matata ta kai saƙon, ta kalle ni sheƙeƙe ta tambaye ni ko ita ce ta ɗauke shi aiki. Na tuna mata ai ita ta kai na farko. Ta ce wancan albishir ne, wannan kuwa in nemi wani ɗan aiken.

Sai na yi abin da matsoraci yake yi, na yi gum. Kullum da safe tsohon zai sauko daga motar Argungu da jakarsa a kafaɗa, ya gaisa da kowa, ya tsaya yana jiran a nuna masa aiki. Na fara ba shi ɗakin maigadi ya fitar da harsashinsa, ya gama a yini guda. Da dabara ta ƙare mini sai na tura shugaban magina ya ce masa kamfani yana so ya duba aikin na'urar, ko akwai kuskure.

Ya kuwa ɗauki abin da gaske. Dattijon da gwiwa take damu ya durƙusa a kan daɓe mai zafi, ya ja igiyarsa a kan baƙin layin, ya ɗaga ya saki. Shuɗin ya faɗa daidai a kan baƙin. Ya ja jiki ya matsa gaba ya sake. Haka ya bi siton nan layi bayan layi, leburori suna ƙunshe dariya, ni kuma na shige kwantenar da muke ofis ina leƙensa ta taga. Wallahi addu'a na riƙa yi Allah ya sa ya samu kuskure ko na faɗin yatsa ne, in samu abin da zan kai wa mai kamfanin. Bai samu ba.

Ranar da ya gama, ya zo bakin kwantenar ya yi sallama. Bai shigo ba, ya tsaya ya ba ni gefe yana kallon titi. Na fito na durƙusa.

Ya ce, "Injiniya, na bi aikin wagga aba duka. Daidai shi ke. Babu wurin da tay yi kure."

Na ce, "To, Baba."

Bai tafi ba. Ya daɗe a tsaye, kuma na san abin da yake jira. So yake in buɗe baki in sallame shi kamar yadda ake sallamar ma'aikaci, in yi masa godiya a gaban maginan da ya koya wa aiki.  Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne Allah ya huta gajiya. Washegari bai zo ba, kuma abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne sanyin da na ji a zuciyata da na ga motar Argungu ta wuce ba ta tsaya ba.

Ranar Juma'a matata ta je gidansu. Ta dawo da albasa da busasshen kifi, da wani ƙulli a leda. Ta ajiye shi a gabana ta ce Baba ya ce a kawo.

"Cewa yay yi igiyag ga tana da sauran ƙarhi, kar a bari ta lalace. A yi shanya da ita."

Ta ninka ta uku ta ɗaure a tsakar gidanmu na unguwar Badariya, daga bishiyar darbejiya zuwa ƙarfen taga. Ban hana ta ba, don ban ga da wane baki zan hana ba. Wankin farko da aka shanya har da farar rigata ta zuwa aiki. Da ta bushe sai ga shuɗin layi ya ratsa bayanta daga wannan gefe zuwa wancan, miƙe sak. Matata ta ce in kawo ta jiƙa ta da omo zai fita. Na ce ta bar shi. Da ita na tafi aiki ranar Litinin.