Masarautar da Aka Ba Layi Ɗaya

"Maryama, ɗauki Mercia mana, ita ce babba," in ji malaminmu na tarihi a wata kwaleji a nan Greensboro ta Amurka.

Ni kuwa na nace sai na yi rubutuna kan Hwicce, wata ƙaramar masarauta a tsohuwar Ingila da masarautar Mercia ta haɗiye.

Ya ce layi ɗaya littafinmu ya ba su, zan iya faɗuwa.

Na ce, "Malam, ni 'yar Mirriya ce. Mu ma layi ɗaya aka ba mu ƙarƙashin Damagaram, amma kakata takan jero sarakunanmu kaf, ko numfasawa ba ta yi."

Sai ya sa mini hannu a takardar amincewa. Wallahi da taƙama na fita ajin nan.

Ku fa, layi nawa aka ba garinku, kuma wa ya rubuta shi?