Garba Mai Faci da Iskar Tauraro Mai Wutsiya

Yau Talata. Ƙirjina yana ta fito, numfashi sai na lallashe shi.

Garba mai faci, maƙwabcina, ya tarar da ni rungume da rediyo. Na gaya masa masana sun gano oksijin, wanda likita ya ce ya yi mini ƙaranci, a jikin tauraro mai wutsiya. Wasu sun ce tun kafin a halicci rana yake daskare cikin ƙanƙararsa, wasu kuma sun ce hasken rana ke farfasa ruwansa ya fitar da shi.

Garba ya ɓata rai. "Baba Malam, tayar da na cika Boɗinga, kafin a kai Kajiji ta sace. Wagga iska, wa ya yi mata faci?"

Na ce, "Ƙanƙara ta riƙe ta."

"To ka riƙa shan ƙanƙara mana!"

Dariya ta jawo mini tari har Garba ya tallafe ni, yana cewa in ta ɓaci, famfonsa na cika taya na nan.

Ku 'yan zamani, wanne ne gaskiya cikin bayanan masanan nan biyu? Ɗana da zai kawo mini tukunyar oksijin daga Sakkwato dai, har la'asar bai iso ba.