Yaɗiyar da ta ta da Kaka

Ni fa ban so zuwa ba. Ina zaune ƙofar gidanmu a unguwar Ambassatna, na gudo daga lekol, wato makaranta, ina tsokanar masu wucewa, Gwaggo ta kamo kunnena. Ranar nan har na mutu ba zan manta da ita ba.

Kakanmu ne kwance, kwana huɗu bai sa komai a baki ba. Mu gidan mahauta ne, Baba ya kawo masa romo, ya kawo hanta, tsoho ya kau da kai. Kwaɗon yaɗiya kawai yake ambato, ganyen da suka riƙa ci sanda suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, tafiyar ta tsaya a nan Chadi.

Na ɗauko Gwaggo a mobilet, ɗan babur ɗinmu, muka yi bayan unguwar Gudji neman ganyen, lokacin gidaje ba su cinye wurin ba. Rani ne, ƙasa fayau. Na ce, "Gwaggo, ko akuya ta yi kalas da wurin nan, ta cinye komai."

Ta ce, "Kai ƙasa kake kallo, shi ya sa."

Ta ɗaga kai tana bin itatuwa ɗaya-ɗaya, can ta nuna wata aduwa. Ga yaɗiya ta naɗe ta har sama, koriya shar, inda bakin akuya bai kai ba. Na hau, ƙaya ta yi min zane. Da na gaji na kama jijiyar zan tumɓuke gaba ɗaya, ta make min hannu.

"Kan ganyen kawai. Gobe wani tsohon zai nema."

A gida ta dafa, ta zubar da ruwan ɗacin, ta kwaɗa da ƙuli. Baba ya tare ƙofa, wai mutane za su ce mahauci ya ciyar da ubansa ciyawa. Gwaggo ta raɓa ta gefensa ta wuce. Kaka ya shinshina, ya tashi zaune da kansa, ya cinye tas. Ni mai bakin tsiya, tun ranar ban ƙara raina abin da tsohuwa ta sani ba.

Baba bai haƙura ba, ya ce ko tsoka ɗaya a ɗora masa. Kaka ya lashe yatsa ya dube shi.

"Ganyen nan ya kawo ni Chadi da ƙafa. Namanka kwana huɗu ko zaune bai ta da ni ba."