Ranar da kakata ta kife ƙwarya

Ko da zan manta da komai na lakwal, makarantarmu ta boko, har da bulalar da na sha a kan kalkil, wato lissafi, ba zan manta da ranar da rana ta yi zazzaɓi a garinmu ba, can wajen Ibohamane, farkon shekarun saba'in. Ina aji biyar a lokacin, ga rawar kai, ga bakin da ba ya rufuwa.

Shugaban makarantarmu, wanda muke kira mushe darakta da Faransanci, mutumin lissafi da kimiyya ne, agogo a hannu, rediyo a hammata. A shekarar nan ya soke mana awar waƙa da zane ta ranar Asabar, ya mai da ita ta kalkil, wai waƙa ba ta taɓa ba kowa sartifika, takardar gama firamare, ba. Yanzu da na girma na san yana da hujja, don yayyenmu faɗuwa suke a jarrabawa ba ƙaƙƙautawa. Amma a lokacin haushinsa nake ji kamar in mutu. Madam kuwa, wadda ke koya mana waƙar, ta haɗiye abinta.

Wata safiya ya shigo aji da zumuɗi, ya ce rediyo ta faɗa wata zai tare rana. Ya cika allon aji da da'irori da lambobi, ya gaya mana ranar har da lokacin. Sannan ya ja kunnenmu: duk wanda ya kalli ranar, ko da cikin ruwa ne, idonsa na iya ƙonewa. Nan na tuna gida. Kakata, wadda ta raine ni, ido ɗaya ya rage mata, yanar ido ta rufe ɗayan. A garinmu kuwa in haka ta faru, maza su nufi masallaci, mata su yi ta dukan turmi da kwanoni, tsofaffi su cika masaki da ruwa su zura wa hoton ranar ido.

Na kai mata saƙon da gudu, har na zana mata da'irorin a ƙasa. Ta share su da ƙafa.

"Mushenku shi ad da rana?" in ji ta. "Tun kakanninmu cikin ruwa aka kallon ta. Ido guda gare ni, da shi za ni ganin wa ka cin wani."

Kashegari na je wurin madam ina kuka. Ta ja ni har gaban darakta, ta ce ya ara mata Asabar ɗaya.

"Waƙa ta ka hana tsohuwa kallon rana?" ya tambaye ta.

"Lissahinka ya hana ta?"

Ya daɗe yana murza igiyar agogonsa. Can ya ce ta ɗauka, amma kada a rera ƙarya ko ɗaya. Shi da kansa ya zauna ya tace baitocin, ita ta sa musu murya: "Wata ya gitta, rana ta ɓuya, sunkuya inna kak ki duba, inuwa ta, wucewa taka yi." Muka rera har azuzuwan ƙasa suka kama. Da za mu tashi, madam ta tambaye ni wa ta fi kowa kiɗan ƙwarya a bukin mata. Na ce ai kakata. Ta yi murmushi ta ce, "To ku tahi gidanku ku yi kiɗin, amma ku ɓata shi da kyau."

Ranar ta zo, sama garau. Wajen tsakar rana haske ya fara dusashewa, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki. Gari ya ɗauki ƙarar turmi da salati. Kakata ta riga ta ajiye masakinta a tsakar gida, ƙwaryar ɗiban ruwa a gefe, tana jira ruwan ya kwanta. Sai ga mu mun faɗo da gwangwanaye, muna waƙa daidai, muna kiɗa ta inda muka ga dama. Ni da kaina na fi kowa ɓata shi.

Ta daure, ta yi tsaki, ta harare mu. Daga ƙarshe ta kasa.

"Wace ɗiya ta ka kashe kiɗi hakanga? Ku ba ni wuri."

Ta fizgo ƙwaryar ta kife ta a kan ruwan, ta ɗauki ludayi biyu. Bugun farko ruwan ya hargitse, hoton rana ya tafi. Muka ce ai nan ba wurin rawa, muka kinkimi masakin zuwa gindin bedi, wato dogon yaro, ta biyo mu tana faɗa. Kafin ka ce me, ita ke ba da waƙa muna amshi, maƙwabta sun cika gidan, kowa kai a sunkuye yana rawa. Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba, ina tsalle ina hawaye.

Cikin haka darakta ya shigo yana haki, ya ce kowa ya dubi ƙasa. Hasken da ke ratso ganyen bedi ya zube a kan yashi, kamar ƙananan jinjirayen wata ba iyaka, har a kan zanen kakata. Ya ce ga ranar nan ta zo inda ba ta cutar da kowa. Ya dubi agogo ya faɗi lokacin da za ta fara warwarewa, haka kuwa aka yi, jinjirayen suka fara cika a gabanmu. Mata suka rangaɗa guɗa.

"Mushe, ashe ka san hanyar rana," in ji kakata.

"Na san ta, inna. Hanyar kunnenki ta ban sani ba."

Da aka dawo hutu, awar waƙa ta koma Asabar ɗinta. Kalkil bai ragu da komai ba, sai ma ya laƙa mana shi ranar Laraba. Kakata ta rayu da idonta, da shi ta juya sartifikata tana duba hatimi.

Abin da ranar ta koya mini, wanda na riƙe tsawon shekarun da na yi ina koyarwa, shi ne tsakanin waƙa da lissafi, ba a cire wa yaro ɗaya don a ba shi ɗayan. Lissafi ne ya san abin da zai ƙone idon kakata, amma da ba a rera shi ba, da ta kalli ruwan.