Shinkafar Ba'indiye da Fatawar Maƙwabcina

Yau Litinin, sha huɗu ga wata. Gwiwa ta hana ni zuwa masallaci, tarin ma bai sake ni ba.

Da hantsi ina zaune a zaure sai ga wani Ba'indiye, injiniya a aikin hanyar Mashi, wanda na koya wa Hausa bara. Ya sunkuya ya taɓa ƙafafuna, ya ajiye kwanon shinkafa da madara. Ya ce a addininsu na Hindu, ranar da watan nan na damina ya cika ranar malamai ce. Cikar watan tana tuna musu hasken da malami ya ba ɗalibi, don haka kowa yakan nemi malaminsa ya yi godiya.

Motarsa na tashi sai ga maƙwabcina Sani.

"Baba Hedimasta, kar ka ci! Abincin masu bautar wata ne."

Na ce, "Sani, ni na koya maka karatu a aji uku. Yaushe rabonka da kawo mini ko koko?"

"Ai imaninka nake kare maka, Baba."

"Imanina lafiya lau. Zauren ne ba mai leƙowa."

Na yi bismilla na cinye tas.

Malaman addini, in na yi kuskure ku gyara mini a wurin sharhi, a ƙasan wannan rubutu. Ɗalibaina na shekara talatin da biyar da na yi ina koyarwa kuwa, kada wanda ya rubuta mini "Allah ya ƙara lafiya" a nan. Kun san gidan.

Ɗaya daga cikinku ya yi alkawarin kai ni asibiti yau. Ga shi an kira la'asar, bai zo ba.